Ɗanyen Ɓawo a Gonar Abu Salim

Takardar da ta kai ni Dubai a ƙarshen shekarar 2016 ta ce ni ne zan shugabanci masu kula da tafkunan kifi na wani kamfani. Da na sauka na bi adireshin zuwa Al Rigga, sai na tarar da shagon gyaran waya. Mai shagon, wani ɗan Pakistan, ya karɓi takardar ya duba gaba da baya, ya maido mini da ita haɗe da kofin shayi. Ya ce ba ni ne na farko da ya zo masa da irinta ba. Lambar ejan ɗin da ya shirya mini tafiyar kuwa, daga ranar ba ta sake shiga ba.

Shekarata hamsin da takwas a lokacin. Na yi kiwon tarwaɗa a Kano, na yi aikin ruwa a Legas da Kwatano, na yi shekara shida a kudancin Sanagal, na zauna a Fot Sudan har Larabci ya zauna a bakina. A ce duk yawon nan da na sha, ejan da bai kai sa'an ɗana na fari ba ya yi mini haka, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Na zauna a bakin tashar jirgin ƙasa na cikin gari da jakata a tsakanin ƙafafuna ina kallon masu shiga da fita shagunan canji, na rasa wanda zan fara gaya wa. Da na kira gida, na ce wa maiɗakina na iso lafiya, aiki kuma sai an gama takardu.

Daga nan na gangara Al Buteen, tsohuwar unguwar Deira da ke bakin ruwa, inda ƙananan otal suke cike da 'yan kasuwarmu. A nan bakina ne ya ciyar da ni. Bakano ya zo sayen takalma ba ya jin Larabci, ɗan Maraɗi ya maƙale tsakaninsa da masu kago, Bayarabiya tana rigima da direba, duk sai a ce a kira Baba Haruna. In ba tafinta, in ɗauki kwali. Muna kwana mu shida a wani ɗaki da ke ƙarƙashin bene. Bizar ziyara ce a hannuna, sau biyu ina shiga bas zuwa Oman in dawo don a sabunta ta.

Kowace ƙasa da yadda take karɓar baƙo. A Kwatano masallaci ne ke riƙe ka. A Fot Sudan ba ka wuce masu cin abinci sai sun kama maka riga. A Dubai ba mai korarka, kuma ba mai kiranka. Sai dai akwai wani tsoho ɗan Iran mai gasa gurasa a lungunmu, wanda in ya ga na tsaya ina shafa aljihu sai ya naɗe biyu a takarda ya juya baya, kamar ya manta da ni. Bayan la'asar nakan zauna a bakin ruwa ina kallon ƙananan jiragen fito suna ƙetarawa. Abin da na fi kewa ba wani babban abu ba ne. Ƙarar daka ce daga gidan maƙwabta, da wani ya kira sunana ba don yana son in yi masa aiki ba.

Wata rana famfon otal ɗinmu ya daina tura ruwa sama. Aka kira mai gyara, ya zo ya kwance nan ya ɗaura can. Na leƙa na ce masa da Larabci injin nan iska yake sha. Bai ɗago kai ba ya ce da Hausa, "Baba, wannan Larabcin naka ƙanshin kasuwar Kurmi yake yi."

Istifanus ke nan. Kirista ne ɗan Wusasa, ya haura arba'in, matarsa Rifkatu da 'ya'yansu huɗu suna Zariya. Da ya ji ni Bakano ne sai ya ce ashe bawansa ya tsinta. Na ce Bazazzagi bai taɓa mallakar ko akuya a Kano ba. Kafin ya gama ɗaure famfon ya ji labarina kaf, ni da na yi wata huɗu ina ɓoye shi.

Cikin mako guda ya ɗauke ni zuwa Al Nahda, inda yake zaune da wasu ma'aikata a gidan haya. Ya sauka daga gadonsa na ƙasa ya koma na sama saboda gwiwata. Da asuba shi ke taɓa mini ƙafa in ƙararrawar waya ba ta tashe ni ba, ranar Juma'a kuma, da yake a lokacin ita ce ranar hutu, ni in tafi masallaci shi ya tafi coci, mu haɗu a kan tukunyar tuwon semo da miyar kuka. Gyaran famfo taimakon wani abokinsa yake yi. Ainihin aikinsa kula da injin jirgi da famfuna ne a wata gonar kawa da ke arewa da birni, tafiyar kamar awa guda. Shi ya kai ni wurin mai gonar ya tsaya mini, har aka yi mini bizar aiki.

Ga wanda bai san kawa ba, halittar teku ce mai ɓawo biyu, 'yar'uwar makankarin da iyayenmu mata ke kankare tukunya da shi. Ba ta yawo. Tun tana ƙarama take neman abu mai tauri ta manne, nan za ta rayu, tana zuƙar ruwa tana tace abincinta daga ciki. Gonar tana cikin hor, wato wurin da teku ya kutso cikin ƙasa kamar kogi, da itatuwan bakin ruwa a gefe da gefe. Sau biyu a yini ruwa ya cika ya ja. An shimfiɗa igiyoyi daga ƙuryar hor har bakinsa, kowace igiya da kwandunan roba a rataye, kawa a ciki.

Mai gonar, Abu Salim, tsoho ne da ya girme ni nesa ba kusa ba. Kakansa mai nutso ne, cikin masu shiga ƙasan teku neman lu'ulu'u, shi kuma ya ƙudura sai ya ga kawa ta sake yawa a ruwan da ya yi wasa yana yaro. Ba riba ce ta dame shi ba. Wanda riba ta dama shi ne Halid, ɗan ƙanensa, wanda ke riƙe da ragamar aikin. Abu Salim na kirana Hajji Harun, yana kuma son ya zaunar da ni in ba shi labarin ƙasashe. Halid kuwa yalla da halas, wato yi sauri da shi ke nan, su ne kawai tsakanina da shi.

Matsalar gonar ita ce iri. Daga waje ake sayo 'ya'yan kawa, alhali ga nata na haihuwa a cikin hor, sai dai ƙasan duk taɓo ne da yashi, ba abin da za su kama. Ni kuwa na taɓa ganin maganin wannan. A kudancin Sanagal mata ne ke sana'ar kawa. Na ga suna tara ɓawo tsibi-tsibi, wani su ƙona shi ya zama farar ƙasa, wani su huda su jera a igiya su mayar ruwa, ko su zuba a inda taɓo ya yi yawa. Bayan 'yan watanni sai ka ga 'ya'ya sun manne a jiki kamar an yayyafa gero. Ba abin da ɗan kawa ke so ya kama irin ɓawon 'yan'uwansa.

Ɓawo kuwa a Dubai shara ne. Akwai wani ɗan Damagaram da muke sallar Juma'a tare, yana aiki a kicin ɗin wani babban otal. Ya ce kowane hutun mako suna zubar da buhu-buhu, domin ana kawo musu kawa a jirgin sama daga ƙasashe iri-iri. Na roƙe shi ya riƙa ajiye mini. Don kada ya yi wari ya jawo masa faɗa, sai ya riƙa sa buhunan a ɗakin sanyi har in zo. Ina ɗauka da safe a motar gona, kafin azahar na zuba a ƙuryar hor. Istifanus ne ke tuƙa ni a jirgi, yana yi yana tsiya. Ya ce Bakano ko a Aljanna ya ga abin banza sai ya tsaya ya cika buhu.

Haka na yi ta yi tun daga sanyin farkon 2018 har gab da azumi. Kuma abin ya yi. Ranar da na ɗago ɓawo ɗaya na kai wa Abu Salim da 'ya'ya a manne, ya riƙe shi a tafin hannu yana jujjuya shi. Sannan ya tara ma'aikata ya ce su dubi abin da furfura ke yi. Ranar ce karo na farko da na kira maiɗakina na ba ta labarin aiki ba tare da na ƙara gishiri ba.

Zafin Dubai ba irin namu ba ne. Namu yana ƙona fata, nasu yana dafa mutum. Bayan ƙaramar salla ruwan hor ya zama kamar wanda aka surka don wanka. A nan kawa ta fara buɗe baki. Lafiyayya in ka taɓa ta sai ta rufe gam. Waɗannan kuwa a hangame suke, wadda ba ta mutu ba in ka buɗe sai ka ga naman ya rame ya zama ruwa-ruwa, ba wannan fari da cika. Muka ce zafi ne. Bisa al'adar wurin, in an ɗago kwando aka ga matacciya sai a jefa ta cikin ruwa a ci gaba. Halid ya sa aka kwashi kwanduna daga igiyoyin da suka fi mutuwa aka rarraba a cikin masu lafiya, wai su sha iska. Bayan mako uku masu lafiyar ma suka fara.

Dole a sami mai laifi. Makonni kaɗan kafin nan Istifanus ya canja wa injin jirgi mai a bakin ruwa, galan ya kife, kaɗan ya zuba. Shi da kansa ya kai rahoto a ranar, aka goge aka wuce wurin. Yanzu Halid ya tono maganar. Ya ce man ne ya sa wa ruwa guba, kuma ƙarshen wata za a soke bizar Istifanus a sa shi a jirgi. Istifanus bai yi musu ba, don shi ma ya yarda shi ne. Ya sayo babbar jaka ya ajiye a bayan ƙofa. Ya daina tsiya. Na ji shi yana gaya wa Rifkatu a waya kada ta gaya wa yara tukuna, musamman babbar, wadda ta samu gurbin karatun jinya a shekarar.

Ni dai maganar man ba ta zauna mini ba. Na ga abin da mai ke yi a ruwan Legas. Ba ya zaɓe, yana kashe kifi da ƙaguwa da tsuntsu gaba ɗaya, kuma cikin kwana biyu. A hor ɗinmu ƙaguwa ƙiba take yi, ƙananan kifi sun cika gindin kwanduna suna cin mushe. Kawa kaɗai ke mutuwa, a hankali, kuma da tsari. Na fara lura da igiyar da ta fara da wadda ta biyo. Ba daga inda jirgi ke tsayawa mutuwar ta taso ba. Daga ƙurya ta taso, tana bin hanyar da ruwa ke bi in zai ja. A ƙuryar kuwa ba komai sai ɓawona.

Duk da haka na ce a raina ai matan Sanagal sun yi shekara aru-aru suna yi, ba abin da ya faru. Sai wata la'asar ma'aikatanmu 'yan Bangaladash suka hura gawayi a bakin ruwa suna gasa kifi. Hayaƙin ya biyo iska ya same ni a kan jirgi, na tsaya da kwando a hannu. A Sanagal kafin ka hango wurin masu kawa hayaƙinsu ne ke fara tarbarka. Ba sa buɗe ta ɗanya. A kan wuta suke zuba ta, ko su tafasa, sai ta buɗe da kanta su cire naman su shanya. Ɓawon kuma ya yi wata da watanni a tsibi rana na dukansa. Duk ɓawon da na taɓa gani an mayar ruwa, ya bi ta wuta ya bi ta rana. A otal ɗin Dubai kuwa ɗanya ake shanye ta da lemon tsami, a bar ragowar nama a jiki. Mu kuma muka adana shi a sanyi da kyau, kamar masu tsoron kada abin da ke ciki ya mutu. Na ɗauko rabin al'ada na bar rabi a can.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Kwana tara na yi ban faɗa wa kowa ba. Na kusa sittin, na san in aka soke bizata ba mai sake yi mini wata, kuma na riga na gaya wa gida cewa na zama abin nuni. Ina kwance a gadon da Istifanus ya sauka ya ba ni, ina jin juyinsa a sama. Da na ɗebi kawa a akwatin ƙanƙara na kai gwaji ma, a ƙasan raina fata nake yi a ce man ne.

Wadda na kai wa ita ce Dakta Bilkisu, 'yar Gusau, likitar dabbobi da ke aiki a wani ɗakin gwaji a Sharja, maƙwabciyarmu ce a Al Nahda ita da maigidanta. Bayan kwana huɗu ta kira ni. Ta zaunar da ni a gaban madubin ƙara girman abu ta ce in leƙa. Na ga wasu ɗige-ɗige baƙaƙe sun cika fili. Ta ce ƙwayar cuta ce mai zama a jikin kawa tana cin ta, kamar yadda tsutsar ciki ke yi wa tunkiya, sai dai ita ido ba ya ganinta, kuma ba ta kama mutum. Kawa na zuƙar ta tare da ruwa. In da sanyi sai ta lafa, in ruwa ya yi zafi gishiri ya yi yawa sai ta yi ta hayayyafa har ta cinye mai ɗauke da ita. Mafi muni shi ne bayan mutuwa. In naman ya ruɓe sai ƙwayoyin su watsu, maƙwabciya ta zuƙa, ƙaguwa da kifi su ja ragowar zuwa wani wuri, cikar ruwa da jansa kuma su yi ta kai su suna dawo da su a kan igiyoyi. Ta ce duk matacciyar da muka jefa a ruwa iri muka shuka, kwandunan da aka rarraba kuwa mun ɗauke wa cutar wahalar tafiya ne.

Na ce mata a Sanagal ban taɓa ganin irin wannan ba. Ta ce can akwai kogi a bayan ruwan, damina na zuwa ta surka gishirin ta wanke wurin. Hor ɗinmu ba kogi, abin da ya shiga ya shiga. Sannan na ba ta labarin ɓawon. Ta cire tabarau.

"Baba, ba zan rantse cewa ɓawonka ne ya kawo ta ba. Tana iya kasancewa a ruwan tun da can. Amma yadda ka ce mutuwar ta bi, can take nunawa. Abin da zan sa hannu a kai shi ne ba mai ba ne."

Na ga ƙofar da ta buɗe mini. Ina iya kai takardarta in ce cuta ce daga Allah, in tsaya a nan. Sai dai na san Halid. Zai ce man ne ya raunana su har cutar ta samu shiga. Kuma tsibin yana nan a ƙurya, da matattun 'ya'ya a jikinsa.

Washegari bayan la'asar na tafi majalisar Abu Salim da takardar. Halid na nan, na kuma roƙi Istifanus ya raka ni ban gaya masa dalili ba. Aka zuba gahawa. Na bar ta ta huce a hannuna, na faɗi komai da Larabci tun daga matan Sanagal har ɗakin sanyin otal, ban tsallake kwana taran ba. Sannan na juya na maimaita da Hausa, domin Larabcin Istifanus na kan injin ne kawai. Maimaitawar ta fi wuya.

Halid ya miƙe tsaye. Ya ce halas, su biyun duk su tafi, ɗaya ya zuba mai ɗaya ya zuba shara. Abu Salim ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi wa ya ce a rarraba kwanduna. Halid ya zauna. Tsohon ya juyo gare ni ya tambaya ko likitar ta rubuta sunana a takardar. Na ce a'a. Ya tambaya ko a gonar akwai wanda ya san maganar wutar ban da ni. Na ce babu.

"To, Hajji Harun, ni na tara mutane na yabe ka a kan ɓawon nan, bakina ma yana ciki. Mai injin ba inda za shi. Kai kuma abin da ka zuba da hannunka, ka kwashe shi da hannunka. In ka gama sai mu yi maganarka."

Da na fito numfashina ya sauka har ciki, abin da rabona da shi tun ranar hayaƙin nan. A mota sai da muka kusa Al Nahda Istifanus ya juyo gare ni. Tambaya ɗaya ya yi: "Kwana tara, Baba?" Na ce kwana tara. Ya gyaɗa kai. Kwana uku bai yi mini magana ba, amma bai fasa taɓa mini ƙafa da asuba ba.

Kwasar ɓawo ta ci mini kusan wata biyu, domin sai ruwa ya ja ake iya shiga, kuma da tsakar rana doka ta hana aiki a waje lokacin zafi. Ina shiga taɓo har gwiwa da manjagara da buhu, in jawo zuwa tudu in baza a rana, nesa da inda ruwa ke kaiwa. A rana ta huɗu na ji takun mutum a bayana. Istifanus ne da manjagara ta biyu. Ya ce ba don ni ya zo ba, ya ga in aka bar Bakano shi kaɗai da kayan banza zai iya ɗurawa a kwantena ya aika Kurmi.

Sauran aikin Dakta Bilkisu ce ta tsara mana shi. Kullum a ɗaga kwanduna a tsince matattu, a kai su tudu a binne, ko ɗaya kada ta koma ruwa. A rage cunkoso a kowane kwando. Kwandon ƙurya kada ya je baki, safar hannu da wuƙa ma kowane ɓangare da nasa, a wanke da ruwan daɗi a shanya. Igiyoyin ƙurya ba su tsira ba, na tsakiya ma mun yi asara mai yawa. Amma da iska ta juya ruwa ya fara sanyi, mutuwar ta ragu har ta tsaya, igiyoyin bakin hor kuma, inda sabon ruwan teku ke shigowa, suka rayu. Dakta ta gargaɗe mu cewa cutar lafawa ta yi, ba tafiya ba, kowane zafi sai mun sa ido. Abu Salim bai sake tayar da maganata ba. Da na tuna masa, ya ce wace magana, ya sa aka ƙaro gahawa. Na ci gaba da aiki a gonar har shekara uku bayan haka.

A cikin sanyin da mutuwar ta tsaya ne lokacin sabunta bizar Istifanus ya zo, aka sabunta. Ranar da fasfonsa ya dawo muna bakin hor muna wanke kwanduna. Ya goge hannu a wando ya kira gida, ya yi nisa kaɗan yana magana, sai na ga ya dawo ya miƙo mini wayar, wai Rifkatu na son gaishe ni.

Ta gaishe ni da aiki, ta tambayi gwiwata da mutanen Kano. Sannan ta ce, "Baba, baban yara ya gaya mini duk abin da ka yi. Ya ce ba don ka tsaya a gaban mai gonar ba da yanzu yana gida. Allah ya saka maka."

Na gane bai gaya mata sauran ba. Na ce, "'Yata, akwai abin da bai faɗa miki ba." Istifanus ya sa hannu ya zare wayar daga kunnena. Ya ce mata Baba na nufin har yanzu bai iya tuƙa tuwo ba, ta gaida yara. Ya kashe, ya sa a aljihu, ya tura mini kwando da ƙafa.

"Ruwa ya fara cika," in ji shi. "Ɗauki wancan gefen."